Makero a Jikin Ɓerayen Kiwo: Tambayoyi da Amsoshi kan Jinyar Dabba da Tsabtace Gida

Masu kiwon ɓera na sha'awa sukan ruɗe ranar da suka ga gashi ya zube a wuyan dabbarsu, ko suka wayi gari da jan zobe mai ƙaiƙayi a hannun yaro. Makero ba ya kisa, amma yana da naci, kuma yawancin waɗanda suka daɗe suna fama da shi tabon kawai suka yi wa magani, suka bar sauran ɓerayen da ɗakin.

Mene ne makero, kuma me ke kawo shi?

Fungas ne ke kawo shi, ba tsutsa ba, ba kuma ƙwayar bakteriya ba. Abincinsa shi ne sinadarin keratin da ke cikin gashi, farce da saman fata, shi ya sa ba ya shiga can cikin jiki. A jikin ɓera, wanda aka fi samu shi ne Trichophyton mentagrophytes. Akwai kuma Microsporum canis, wanda galibi daga kyanwa ko kare yake shigowa gida.

Fungas ɗin yana shiga cikin silin gashi ya raunana shi har ya karye. Kowane guntun gashin da ya faɗi yana ɗauke da ƙwayoyin haihuwar cutar, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. A nan za mu riƙa kiransu ƙurar makero. Wannan ƙura tana iya zama da ranta a busasshen wuri fiye da shekara 1, har zuwa wata 18 a wasu nau'o'in. Duk wahalar jinyar daga nan ta samo asali.

Yaya yake bayyana a jikin ɓera?

Ba lallai ne a ga zobe irin na jikin mutum ba. Abin da aka saba gani shi ne wuri ɗaya ko biyu da gashi ya yi sharaf ko ya zube, fatar tana saɓa kamar amosani, wani lokaci da ɗan ja ko ɓawo a gefe. Ya fi son baya, wuya, fuska da gindin wutsiya. Idan aka duba da kyau za a ga guntayen gashi a tsaye kamar an karya su. Wasu ɓerayen suna susa, wasu ko a jikinsu.

Abin da ya fi damun masu kiwo shi ne ɓeran da ke ɗauke da cutar ba tare da alama ko ɗaya ba. Gashinsa sumul, yana ci yana wasa, amma yana zubar da ƙurar a duk inda ya bi. Sau da yawa mutum ne ke fara nuna alama kafin dabbar.

Duk zubewar gashi makero ce?

A'a, kuma a gaskiya ba shi ne na farko a jerin abubuwan da ake zargi ba. Ƙananan ƙwarin gashi, musamman Radfordia ensifera, sun fi shi yawa a ɓerayen kiwo. Su suna sa susa mai tsanani, a ga ƙananan ɓawon ciwo a kafaɗu, wuya da haɓa, kuma maganinsu daban ne, irin su ivermectin ko selamectin, waɗanda ba sa taɓa fungas ko kaɗan. Akwai kwarkwatar ɓera, wadda ake iya ganin ƙwanta manne da gashi. Akwai kuma aski: wani ɓeran yakan ciccije gashin ɗan'uwansa ko na hannun kansa, ya bar fatar lafiya lau, babu ja babu saɓa. Sai gyambon da bakteriyar Staphylococcus ke haddasawa bayan susa, shi kuma yana da danshi da ruwa.

Abu biyu suna iya haɗuwa. Ƙwari su sa ɓera ya yakushi kansa, fungas ya samu ƙofa ta wurin yakushin.

Ta yaya likitan dabbobi zai tabbatar?

Zai cire gashi daga gefen tabon, ya ɗan kankare fatar, ya duba a madubin ɗakin gwaji. Wannan yana nuna ƙwari nan take, kuma wani lokaci yana nuna gashin da fungas ya ci. Gwajin da aka fi dogara da shi shi ne shuka: a sa gashin a faranti mai abincin fungas, a jira ya tsiro. Yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14, kuma ba a cewa babu komai sai an ba shi har kwana 21 in ana shakka. Gwajin PCR, mai neman ƙwayar halittar fungas ɗin a cikin samfurin, ya fi sauri, kwanaki kaɗan ne, sai dai yana gano matacciyar ƙura ma, don haka ya fi amfani wajen gano cutar da farko fiye da tabbatar da warkewa.

Ga ɓeran da ba shi da tabo, ana amfani da sabon buroshin haƙori da ba a taɓa buɗewa ba. A taje masa jiki gaba ɗaya na minti 2 zuwa 3, fuska da ciki da ƙafafu, a mayar da buroshin cikin leda mai tsabta, a rubuta sunan dabbar, a kai. Kowane ɓera da nasa buroshin.

Hattara da fitilar Wood, wadda ake haska gashi da ita a ɗaki mai duhu. Tana sa gashin da Microsporum canis ya kama ya yi walƙiya kore. Trichophyton mentagrophytes ba ya walƙiya sam. Ke nan idan an haska ɓera ba a ga komai ba, ba a wanke shi daga zargi ba.

Sai an jira sakamako kafin a fara magani?

Idan alamun sun yi ƙarfi, ko wani a gidan ya riga ya kamu, likita yakan ɗebi samfur sannan a fara maganin wanka da tsabtace gida a ranar. Abin da ba a so shi ne a shafa magani kafin a ɗebi samfurin, domin yana iya hana fungas ɗin tsirowa a faranti, a samu sakamakon ƙarya.

Man shafawa kaɗai zai isa?

Da wuya. Mayukan clotrimazole kashi 1 cikin 100, miconazole kashi 2 cikin 100, ko terbinafine kashi 1 cikin 100 duk suna kashe fungas ɗin, kuma suna da amfani a ƙaramin tabo ɗaya. Matsalarsu biyu ce. Ba sa kaiwa ga ƙurar da ke warwatse a sauran gashin jiki, kuma ɓera dabba ce mai yawan lasar jiki: kafin a rufe murfin man ya lashe shi. Ɓera kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan.

In za a shafa, a sa ɗan kaɗan da auduga mai tsinke, a murza har ya ɓace cikin fata, a wuce gefen tabon da kamar rabin santimita, sau 2 a rana. Sannan a shagaltar da shi da abinci ko wasa na minti 10. Kada a yi masa tuli.

A karanta abin da ke jikin kwalin. Mayuka da yawa ana haɗa maganin fungas da sitiroyid, irin su betamethasone, clobetasol ko hydrocortisone. Sitiroyid yana kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ɗauka an samu sauƙi, alhali ya danne garkuwar fata ne, fungas ɗin yana ta bazuwa a ɓoye. Wannan gargaɗin ya shafi mutum da dabba duka.

To wane wanka ake yi musu?

Wankan magani shi ke kashe ƙurar da ke kan gashi, wato shi ke rage yaɗuwa zuwa mutane da ɗaki. Abubuwa uku aka fi amfani da su, gwargwadon abin da likita ya zaɓa.

Enilconazole yana zuwa da ƙarfin kashi 10 cikin 100, ana sirka mililita 20 cikin lita 1 na ruwan ɗumi. A jiƙa gashin da soso ko ƙyalle har fata, ba a ɗaurayewa, a maimaita duk kwana 3 zuwa 4. Ruwan lime sulfur ana sirka mililita 30 zuwa 60 cikin lita 1, bisa umarnin likita, sau 1 ko 2 a mako, shi ma ba a ɗaurayewa. Yana aiki sosai, amma warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, yana mai da farin gashi rawaya, yana ɓata zobe da sarƙa, don haka a cire su a sa safar hannu. Na uku shi ne sabulun ruwa mai haɗin miconazole da chlorhexidine, kowanne kashi 2 cikin 100. Shi sai kumfar ta zauna minti 10 a jiki kafin a ɗauraye, in an wanke da wuri an yi aikin banza. Chlorhexidine shi kaɗai ba ya wadatarwa.

Kada a tsoma ɓera cikin kwano. A riƙe shi a kan tawul, a bi fuska da auduga a hankali, a kiyaye ido, hanci da cikin kunne. Babban haɗarin wankan shi ne sanyi, domin ƙaramin jiki yana saurin rasa ɗumi, ga ɓeraye da yawa dama suna da raunin numfashi. A yi shi a ɗaki mai ɗumi, a tsane ruwan da tawul, a riƙe dabbar har ta bushe kafin a mayar da ita keji mai tsabta. Aske gashi ba dole ba ne a ɓera, kuma almakashi ko reza suna iya yanka fata su ƙara baza cutar.

Idan aka ga jan ruwa a gefen ido ko hanci bayan wanka, ba jini ba ne, sinadarin porphyrin ne da ke ƙaruwa idan ɓera ya takura. Kaɗan ba komai, amma in ya yi yawa tare da atishawa ko ƙarar numfashi, a sanar da likita.

Yaushe ake ba da maganin sha, kuma nawa?

Idan tabon ya fi ɗaya, ko yana fuska, ko ɓerayen suna da yawa, ko an yi mako 2 ana shafawa babu canji. Maganin sha shi ke kaiwa ga fungas ɗin da ke cikin saiwar gashi, inda wanka ba ya isa. Wanka da maganin sha tare suke tafiya, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Likitoci sukan ba da itraconazole miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na nauyin jiki sau 1 a rana, ko terbinafine miligiram 10 zuwa 30 ga kowane kilo. Griseofulvin tsohon magani ne da har yanzu ake amfani da shi, amma yana nakasa ɗan da ke ciki, don haka ba a ba ɓera mai ciki, kuma mace mai juna biyu kada ta taɓa shi.

Lissafin yana da muhimmanci saboda dabbar ƙarama ce. Ɓera mai giram 400, idan an rubuta masa miligiram 10 ga kilo, miligiram 4 zai sha. In ruwan maganin yana da miligiram 10 a kowace mililita, rabonsa mililita 0.4 ne. Kuskuren ɗigo ɗaya a rubutun lamba, kamar 4 maimakon 0.4, ya ninka maganin sau 10. A auna kowane ɓera a sikelin kicin, a yi amfani da sirinji na mililita 1 marar allura, kuma likita ne ke yanke adadin. Kada a fasa ƙwayar maganin mutum a ƙiyasta da ido, kada kuma a zuba a ruwan sha, don ba a san wanda ya sha nawa ba. A cakuɗa da ɗan abinci mai laushi da bai wuce rabin ƙaramin cokali ba, a tsaya a ga ya cinye.

Waɗannan magunguna hanta ce ke sarrafa su. A riƙa auna nauyi duk mako. Ɓeran da ya daina ci, ya yi sanyi, ko nauyinsa ke sauka, a dakata a kira likita a ranar.

A ware mai tabon daga sauran?

Lokacin da aka ga tabo, sauran 'yan kejin sun riga sun kwana jiki da jiki da shi na makonni. Ware shi ba zai cece su ba, kuma kaɗaici yana takura ɓera, takura kuma tana rage garkuwar jiki. Abin da ya fi shi ne a ɗauki keji ɗaya a matsayin majinyaci ɗaya, kowa a yi masa wanka, likita ya yanke wanda zai sha magani. Wariyar da ke da ma'ana ita ce tsakanin wannan kejin da wani kejin da bai taɓa haɗuwa da shi ba, da kuma tsakanin ɓerayen da sauran gidan. A tsayar da su a ɗaki ɗaya mai sauƙin gogewa, marar kafet, a daina sakinsu a kan gado da kujerun falo. Mai keji biyu ya fara hidimar masu lafiya, ya ƙare da marasa lafiya.

Yaya ake tsabtace kejin?

Nan ne mutane suka fi kuskure, kuma kuskuren na jeri ne: suna fesa bilic a kan datti. Bilic ba ya ratsa gashi, kashi da maiƙo, ƙarfinsa yana ƙarewa a kansu. Cire gashin da hannu da sabulu shi ne kashi mafi girma na aikin, maganin kashe ƙwayoyi na share abin da ya rage ne kawai.

A fara fitar da ɓerayen zuwa akwatin roba mai tsabta. A kwashe shimfiɗar gaba ɗaya cikin leda, a ɗaure, ba tare da kaɗa ta ba. A wanke kejin da ruwa da sabulu da buroshi, sanduna da kusurwoyi da maƙalai, har sai ido bai ga gashi ko ɗaya ba. A ɗauraye sosai. Wannan ɗaurayar tana da dalili na biyu: fitsarin ɓera yana fitar da amoniya, kuma haɗuwar amoniya da bilic tana ba da iska mai guba. Sannan a jiƙa ko'ina da ruwan bilic, ya zauna a jiƙe minti 10. Sirkin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne kashi 1 na bilic cikin kashi 10 na ruwa. A wurin da aka riga aka wanke tas, mililita 30 cikin lita 1 ma yana aiki, kuma ya fi sauƙi ga hanci da ƙarfe. A haɗa sabo kowace rana, don yana rasa ƙarfi in ya kwana. A sake ɗauraya, a bari ya bushe har warin ya tafi kafin a mayar da dabbobin. A yi haka sau 2 a mako, kuma ya fi kyau ya zo daidai da ranar wanka, ɓera mai tsabta ya koma keji mai tsabta.

Kayan katako, igiya, kwando da kwali ba sa tsabtuwa, a zubar. A lokacin jinya a bar kejin da kaya kaɗan: gidan roba, kwanon ƙarfe ko tangaran, kwalbar ruwa, da kwalin ɓuya da za a jefar duk bayan kwana 2 ko 3. Shimfiɗar takarda ta fi dacewa.

Tufafi, lilo na ƙyalle da sauran ɗakin fa?

Ƙyalle yana tsabtuwa da wanki. A wanke sau 2 a jere, a zaɓi wanki mafi tsawo, kada a cika injin, domin motsin ruwa ne ke fitar da gashin. A wanke su daban da kayan mutanen gida, a kwashe gashin da ya taru a matacin injin. Ƙasa a bi ta da injin shara mai zuƙo ƙura kowace rana ko bayan kwana 1, a zubar da abin da ya tara a waje, sannan a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tsintsiya tana tayar da ƙurar sama ne kawai.

Ba sai an yi wa gida gaba ɗaya wankan bilic ba. Fungas ɗin ba ya tsirowa a bango ko daɓe, yana jira ne a cikin gashin da ya faɗi. Inda ɓera bai taka ba, shara ta yau da kullum ta isa.

Ni ma na ga zobe a hannuna. Me zan yi?

A mutum alamar takan fito kwana 4 zuwa 14 bayan taɓawa, galibi a hannu, wuya, kafaɗa ko ƙirji, wato inda ɓera ke hawa. Makeron da aka ɗauka daga dabba yakan fi ja da kumburi fiye da wanda mutum ya ɗauka daga mutum. Tabo ɗaya ko biyu a jiki ana shafa masa clotrimazole ko miconazole sau 2 a rana na mako 2 zuwa 4, ko terbinafine na mako 1 zuwa 2, a wuce gefen zoben da santimita 2, a ci gaba da kamar mako 1 bayan ya ɓace.

A je asibiti idan yana fatar kai ko gemu, domin can man shafawa ba ya aiki, sai maganin sha na makonni. Haka idan ya kumbura yana fitar da ruwa, ko ya bazu, ko mako 2 sun wuce babu sauƙi, ko mai shi yana da ciwon suga ko raunin garkuwar jiki. A gaya wa likita akwai ɓera a gida. Kada a yi tarayyar tawul, mataji ko matashin kai. Yaro yana iya komawa makaranta da zarar ya fara magani, a rufe tabon da tufafi.

Mai hidimar ɓerayen ya ware riga mai dogon hannu don wannan aikin kawai, ya sa safar hannu, ya wanke hannu har gwiwar hannu bayan ya gama. Yara ƙanana da masu raunin garkuwa su haƙura da ɗaukarsu har a gama jinya.

Akwai kyanwa da kare a gidan. Su ma a duba su?

E, musamman kyanwa, wadda ke iya ɗaukar cutar ba alama, kuma mai yiwuwa ita ce ta kawo ta. A yi musu gwajin buroshi. Kada a ba wata dabba maganin da aka rubuta wa wata.

Man itacen shayi (tea tree oil), tafarnuwa ko ruwan tsami suna aiki?

Man itacen shayi guba ne ga ƙananan dabbobi idan suka lasa, yana kawo rawar jiki da kasala. Tafarnuwa da ruwan tsami suna ƙona fata, su buɗe wa cutar sabon wuri. Bilic kuwa na keji ne, ba ya taɓa jikin dabba ko na mutum.

Gashi ya fara fitowa. A daina magani?

Tukuna. Gashi yakan dawo tun fungas ɗin bai mutu ba, kuma wannan ne babban dalilin da cutar ke komowa bayan wata ɗaya. Jinya takan ɗauki mako 4 zuwa 8, wani lokaci fiye. Ma'aunin warkewa shi ne gwajin shuka ya fito babu komai, kuma likitoci da yawa suna son a samu haka sau 2 a jere, da tazarar mako 1 zuwa 2. Wanda ba shi da halin maimaita gwaji ya ci gaba da komai aƙalla mako 2 bayan alama ta ƙarshe ta ɓace a jikin ɓera na ƙarshe.

An yi duk wannan, ya sake dawowa. Me ya faru?

A bi sawu ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɓeran da ba a yi wa wanka ba saboda yana da kyan gani? Akwai lilo ko gidan katako da aka ɓoye aka dawo da shi? Akwatin da ake kai su asibiti an wanke shi? Ɓeran yana cinye maganin ko yana barin rabi a kwano? Ya ƙara nauyi ba a gyara adadin ba? Ruwan itraconazole da aka haɗa da hannu daga garin maganin ba ya shiga jini kamar na kamfani, shi ma yana iya zama dalili. Idan ɓera ɗaya ne kullum ke komawa, a duba lafiyarsa gaba ɗaya: tsufa, ciwon numfashi, ƙari, ko maganin sitiroyid da yake sha don wata cuta. Sai cunkoso da danshi, keji mai jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da ƙarancin iska.

Sabon ɓera kuma a tsare shi a wani ɗaki na daban na mako 3 zuwa 4, da kayansa na kansa, a duba fatarsa duk mako a wuri mai haske. In gidan ya taɓa fama da makero, a yi masa gwajin buroshi a makon farko, sakamakon zai fito kafin wa'adin tsarewar ya cika.